Inda Kiɗan Baba Yake Sauka

Babana makaɗin gurmi ne, kuma har na bar gida bai taɓa yarda na ɗora hannu a kan gurminsa ba. Can sama yake rataye shi, a wata ƙusa a bangon ɗakinsa, inda ko turmi na taka ba zan kai ba. Shi dai burinsa in zama malami. Ya sha gaya wa Inna cewa shi an kira shi maroƙi ya haɗiye, amma autansa sai an gyara zama in ya shigo wuri. Tun ina yawo ba wando yake kirana Malam, rabi tsokana rabi addu'a. Ranar da na samu gurbin karatu a Masar sai da ya zagaye garinmu yana ba da labari, har ga waɗanda ba su tambaye shi ba.

Hannuna ya hana, amma bai iya hana kunnena ba. Yawancin kiɗansa na mutane ne, na 'yan kokawa da na manoma da na biki. Akwai guda ɗaya da ba na kowa ba. In ya dawo daga wasa da la'asar sakaliya, ya wanke ƙafa, sai ya zauna a bakin ƙofar ɗakinsa, ya ɗan sassauta tsirkiya ya kaɗa shi, ba waƙa ba kirari. Kiɗan yana hawa a hankali, ya ɗan tsaya a sama, sannan ya gangaro ya sauka. Yana sauka sai Baba ya miƙe ya rataye gurmin, Inna ta fito da tuwo. Haka na tashi ina ji, ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba.

A shekarar 2014, ina shekara ta uku a Alƙahira, yayana ya kira ni ya ce Baba ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yana magana, amma sai ka kasa kunne sosai. Da aka kara masa wayar na tambaye shi jiki, shi kuma ya ba ni amsar abin da ban tambaya ba.

"Malam, gurmi yana ƙusa. Gizo-gizo ne ke kaɗa shi yanzu."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Yayana gyaran babur yake yi, bai san kan tsirkiya ba, ni kuma an hana ni. Na ajiye wayar, na gane ba hannun yake yi wa kuka ba. Gani yake abin da ya gada wajen mahaifinsa ya ƙare a kansa, kuma shi da kansa ya rufe ƙofar.

Bayan 'yan kwanaki na je Wustul Balad, tsakiyar birnin, sabunta iƙama, wato takardar izinin zama. Na yi tsayuwar layi tun safe, da na kai gaban taga aka ce mini in dawo gobe. Ni mutum ne mai saurin hawa, na fito ina zagi a zuci da harsuna biyu. A lokacin tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta babban dandali a rufe take saboda zanga-zanga, sai an taka zuwa ta gaba. Ina ratsa wani lungu don gudun rana na ji ana taɓa tsirkiya. Sautin gajere ne, busasshe, yana fita ya mutu nan take, ba ya ja kamar na garayar Larabawa. Na tsaya cak, don rabona da jin abu mai kama da gurmi tun a gida.

Shagon kayan kiɗa ne, ƙunci gare shi, gitoci a rataye har rufi, duk sun yi ƙura. Wani tsohon Bamisre mai kaurin tabarau yana zaune a ciki yana kaɗa wata 'yar mitsitsiyar gita mai tsirkiya huɗu, wadda na ɗauka abin wasan yara ce. Sai da na waiga hagu da dama kafin na shiga. Ɗalibin shari'a da jallabiya da hula da littattafai a hammata, a shagon kiɗa, in wani ɗan garinmu ya gani labari ya samu ƙafa.

Tsohon ya ce sunan abin ukulele. Da ma neman wanda zai yi wa surutu yake, tunda baƙin da ke saye a wajensa sun ɗauke ƙafa tun farkon hargitsin ƙasar. Ya nuna mini wani hoto a bango, na wani Bature mai dogon gashi, rungume da irin wannan 'yar gitar. Ya ce shahararren makaɗin rok ne na Ingila, ya rasu shekarun baya, kuma tun yana saurayi yake ƙaunarsa. Mutumin ya kaɗa manyan gitoci masu lantarki a gaban taron da ba ya ƙirguwa, ya kaɗa mai tsirkiya goma sha biyu, har Indiya ya je ya koyi doguwar garayarsu. Amma in ya koma gida ya rufe ƙofa, wannan 'yar ƙaramar yake ɗauka. A cewar tsohon, ba ya tafiya da guda ɗaya, sai ya ɗauki ta biyu don kada abokin zama ya zauna hannu sake, kuma kyautar da su yake yi kamar goro. Ban san gaskiyar labarin ba, amma na fahimci mutumin nan take, domin na san wani makaɗin da yake da kiɗan taro yake kuma da kiɗan bakin ƙofa.

Kafin in yi wata magana ya ɗora mini ita a hannu. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na murɗa makullan tsirkiyar na sassauta biyu na tsakiya har suka yi kusa da muryar da ke kaina, na bar sauran biyun ban kula su ba. Tsohon ya dafe kai ya ce an ba ni huɗu na ɗauki biyu, wannan ai butulci ne. Ban saurare shi ba. Yatsuna suka yi ta lalube, suna faɗawa inda ba nan ba, can sai farkon kiɗan Baba ya fito, a karkace amma shi ne. Wannan ne karon farko a rayuwata da na kaɗa wani abu.

Ya tambaye ni kiɗan wane ne, na gaya masa, har da maganar gizo-gizo. Sai ya sa 'yar gitar a wata tsohuwar jakar yadi ya ce in tafi da ita. Na ce ba saye na zo ba. Ya ce shi ma ba sayarwa ya ce ba, yana da ta biyu, in riƙa zuwa ranar Alhamis bayan la'asar mu kaɗa tare. Daga ranar nake kiransa Ammu, wato baffa, shi kuma "ya ibni", wato ɗana, yake ce mini.

A wani lungu na bayan unguwar Dokki muke haya, hawa na ƙarshe, ni da wani ɗan Damagaram da kowa ke kira Ustaz. Mutumin kirki ne, amma in ya ga ka sha ruwa a tsaye sai ya kawo maka hadisi da ruwayarsa. Yana ganin abin da na fito da shi daga jaka ya tashi zaune. Ya jero mini maganganun malamai a kan kayan kiɗa, ni ma na jero masa na waɗanda suka sassauta, tunda aji ɗaya muke zama. Da na ga ba zai sauka ba sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce masa tuwon da ya gina wannan jikin da yake yi wa wa'azi gurmi ne ya kawo shi, allon da na fara karatu da shi ma gurmi ne ya saya. Ya ce Allah ya ba Baba lafiya, amma ba a cikin ɗakin da yake tilawa ba. Muka rabu a kan haka. Bayan la'asar sai in hau rufin bene, in zauna tsakanin farantan tauraron ɗan'adam da akurkin tattabarun maƙwabci, in yi ta fama.

Abin da na ƙudurta shi ne in kira Baba ba tare da na gaya wa kowa ba, in ce a kara masa waya a kunne, in kaɗa masa kiɗansa daga farko har ƙarshe. Na san zai iya yin fushi. Na fi tsoron ya tafi yana ganin abin ya mutu tare da hannunsa.

Hawan ya zauna mini da wuri. Tsayawar nan ta sama ma na same ta. Saukar ce ta gagare ni. Duk lokacin da na kai sama sai kaina ya yi fayau, kamar wanda ya shiga ɗaki ya manta abin da ya kawo shi. Ina jin inda kiɗan yake ƙarewa, amma hanyar da yake bi ya isa can ta ɓace. Ashe duk shekarun nan, da ya fara gangarowa hankalina yana komawa kan tuwo. Ammu ya yi iya ƙoƙarinsa. Yakan ɗauki tasa ya saukar mini da shi ta hanyoyi iri-iri, duk masu daɗi, duk na Masar, babu na Baba ko ɗaya. Wata Alhamis ya ajiye ta a cinya ya dube ni ta saman tabarau.

"Ya ibni, kira shi ka kaɗa masa abin da kake da shi. Khalas, shi ke nan."

Na ce masa a wajenmu ba a kai wa makaɗi rabin kiɗa, balle ɗan da aka hana taɓa gurmi. In zan karya dokarsa, to in karya ta da abin da zai rufe masa baki. Na yi tunanin tambayar Inna, amma na san halinta, ba ta iya ɓoye wa Baba komai, ko naman da ta rage masa sai ta faɗa tun bai tambaya ba. Sai na bar wa kaina, ina cewa gobe zai dawo mini.

Ana haka jarrabawar ƙarshen shekara ta matso, zafi ya sauko, ana ɗauke wuta kamar a gida. Kiran gida ya fara canzawa. In na kira sai yayana ya ɗauka, ya ce Baba ya samu barci, ko an fita da shi shan iska, ko layin ba kyau in sake kira. Kowane kira da magana ɗaya yake ƙarewa, in maida hankali kan takarduna. Inna kan karɓa ta yi mini addu'a a gurguje, muryarta a dushe, ta ce mura ce.

Ustaz ma ya canza. Wata rana na ɗauki jakar zan hau sama, sai ya ce rana ta yi yawa, in zauna a ciki in yi abina, shi ba ya damunsa. Na tsaya ina kallonsa. Ya karɓe girkina ya haɗa da nasa, ya riƙa wanke kwanukan da na ci. Ya kawo shawarar mu kashe intanet gaba ɗaya har a gama jarrabawa, don shaiɗan ne a aljihu, na yarda. In ina kaɗawa sai ya rufe littafinsa ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na samu abin tsokana. Na riƙa ce masa kiɗa ya kama Ustaz, saura in koya masa rawa. Har gaban Ammu na kai labarin ina alfahari cewa tsirkiya biyu sun kayar da malamin hadisi. A harabar makaranta 'yan ƙasarmu suka riƙa tsayawa suna gaishe ni, su riƙe hannuna ya daɗe, na ce a raina jarrabawa tana sa mutane tsoron Allah.

Baba ya riga ya rasu a lokacin. An yi masa sutura tun kafin in shiga takarda ta farko, kuma duk wanda na sani a Alƙahira ya sani, ban da ni da Ammu.

Al'adarmu ce a can, kuma ba baƙuwata ba ce. In aka yi wa ɗalibi rasuwa a gida ana tsakiyar jarrabawa, dangi ba sa kiransa. Dattijon ɗalibai suke kira, shi kuma ya gaya wa abokan zama, a rufe maganar har ya ajiye alƙalami. Hujjar ita ce wanda ya tafi ya tafi, ba a kuma jiran kowa kafin a binne, don me za a haɗa wa yaro rashi biyu. Na san wannan sarai, na ga an yi wa wasu. Amma ban taɓa kawo wa raina cewa shinkafa da waken da Ustaz ke tura mini gaba ta'aziyya ce ba.

Ranar takarda ta ƙarshe na fito da azahar, kaina wasai. A cikin metro na yanke shawara cewa Ammu ya fi ni gaskiya, yau zan kaɗa wa Baba rabin da nake da shi, in ya so shi ya gaya mini saukar da bakinsa. Har murmushi nake yi ni kaɗai ina hango yadda zai ɓata fuska. Na sayi katin waya a ɗan shagon bakin layinmu, na hau bene da sauri. A ƙofar ɗakinmu na tarar da takalma, fiye da na mutum biyu, fiye da na mutum goma, an jera su a tsanake. Na taɓa cire nawa a cikin irin wannan jerin a ƙofar wani, don haka ban buƙaci a gaya mini ba. Na daɗe a tsaye kafin na tura ƙofar.

Dattijon ɗalibai yana zaune a kan katifata. Ya kama hannuna ya zaunar da ni kusa da shi, ya yi salati, ya ce, "Malam, sai haƙuri. Baba ya riga mu gidan gaskiya." Na tambayi yaushe, ya faɗa. Aka yi addu'a, na shafa tare da kowa, idona a bushe. Abin da ya fara zuwa mini ba kuka ba ne, fushi ne, irin wanda ban taɓa yi ba. Na jira har suka watse, sannan na juya kan Ustaz.

"Kana zaune kana jina kullum ina shirya wa mamaci kiɗa, ka yi shiru?"

Bai kawo aya ba, bai kawo hadisi ba. Ya ce amana aka ba shi, kuma kullum in na fara kaɗawa ji yake kamar ya fita da gudu. Ya ce bai san abin da zai ba ni ba, shi ya sa ya bar ni da abin da nake so. Sai ya fashe da kuka, ni da aka yi wa mutuwa na zauna ina kallonsa. Na yi kwanaki ban yi masa magana ba. Yanzu mun shirya tuntuni, amma al'adar nan har gobe ban shirya da ita ba, ko da yake in aka ce in kawo wadda ta fi ta, ba ni da ita.

Alhamis ta zagayo na mayar wa Ammu kayansa. Na ce wanda ake yi domin shi ya tafi. Ya cire tabarau ya goge ido, ya yi mini ta'aziyya irin tasu, ya tura jakar gabana. Ya ce abin da aka bayar ba ya komawa kan kanta, in ba na so in jefa a kogin Nilu da hannuna. Haka na dawo da ita Dokki, na cusa a ƙarƙashin gado.

Sai bayan kwanaki na iya doguwar magana da Inna. Da la'asar ne, ina kan rufin bene don kada Ustaz ya ji ni. Na fara da ƙorafi, na ce ko kowa zai ɓoye mini ban zaci ita ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ba shawararta ba ce. Baba ne da kansa, da ya ji jikin ya yi nauyi, ya tara su ya ce ko me ya faru kada wanda ya taɓa wa Malam karatu. Matar da ba ta iya ɓoye masa yankan nama ta yi makonni tana ce mini mura take yi, don shi ya ce. Nan ne kukan ya zo, na yi shi sosai, tana jina ba ta hana ni ba.

Da na lafa na gaya mata komai, shagon da tsohon da 'yar gitar da abin da na so yi. Sai ta yi tambaya a kan 'yar gitar.

"Tana kusa da kai?"

Na ce tana ƙasa. Ta ce in ɗauko. Na tuna mata tana cikin takaba, ban sani ba ko ya dace.

"Auta, kai ne malami, amma ni ce matarsa. Ɗauko."

Na sauka na ɗauko, na jingina wayar a jikin akurkin tattabaru, na sassauta tsirkiya biyun. Na hau da kiɗan a hankali, na kai sama, na tsaya inda na saba tsayawa. Ta tambaye ni me ya tsayar da ni, na ce saukar ce ta ɓace mini, ita nake nema tun kafin zafi ya shigo. Sai na ji ta fara rera shi da hanci, a hankali, tun daga saman har ƙasa, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta ce ai nan ne take fara kwashe tuwo, in ya kai wancan lanƙwasar ta san lokacin zuba miya ya yi. Abin da na yi ta haƙilo a kansa a saman bene, ashe yana bakinta, kira ɗaya ne tsakanina da shi.

Na bi ta. Ta gyara mini wuri ɗaya, ta ce ba ya sauri a nan, jan ƙafa yake yi. Na sake, ya sauka daidai inda yake sauka a bakin ƙofar ɗakinsa. Can na tambaye ta abin da ya fi ci mini rai, na ce da ya ji, da ya yi fushi?

"Da ya yi faɗa mana," in ji ta. "Da ya ce wa ya aike ka. In ya gama faɗan kuma, da ya ce ka sake daga farko."

Sai na gyara zama na sake daga farko.